Sayen Babur da Kuɗin Mace: Baure zuwa Katsina da Dawowa

Alhamis: Baure zuwa Daura

Ana sallame sallar asuba muka fito, ni da maigidana Malam Sabi'u tela. Shida saura kwata muna tasha. Kuɗin babur na ɗaure a ƙuguna ƙarƙashin hijabi, adashin shekara biyu, ko tari na yi sai na shafa wurin.

Ga abin da ya fito da ni. Ni ungozoma ce a ƙaramin asibitin wani ƙauye, tafiyar minti ashirin da biyar daga Baure, cikin rairayi. Shekara shida ɗan acaɓa ke kai ni, ba wanda ya ce uffan. Da aka ƙaddamar da Shari'a sai dattawan ƙauyen suka gano cewa matar aure a bayan wani ƙato fitina ce. Matansu kuwa ba su fasa naƙuda ba. Mai gari ya kira ni ya ce daga Litinin ko mijina ya riƙa kawo ni, ko ya sa a ɗauke ni daga garin. Ga mata uku cikinsu ya tsufa, kuma ba wata ungozoma sai ni. Na tambayi Malam ko zai riƙa kai ni, ya ce, "Haba, babur ɗin me? Ki dai sayo."

Ni kuwa a garejin babana na tashi a Zango, bakaniken babura ne, Allah ya jiƙansa. Ina 'yar shekara tara nake wanke fulogi, kafin a yi mini aure na iya tuƙi.

A bas aka tura mu mata can baya, mu da buhunan gero da akuya biyu, Malam yana gaba yana shan iska. Shinge biyu muka wuce, direba ya miƙa gaisuwa ta taga, ba wanda ya duba komai. Takwas da 'yan mintoci muna Daura.

Shagon farko wani Alhaji ne kishingiɗe da rediyo a kan ciki. Na yi sallama, ya amsa wa Malam. Na ce wanne ya fi jure rairayi, ɗan Indiya ko ɗan China? Ya dubi Malam ya ce, "Alhaji, gaya wa uwargida duk ɗaya ne, ta zaɓi kala kawai." Malam ya gyaɗa kai, ya zagaya babur, ya shafa kujera ya ce ɗinkin bai yi kyau ba. Ni na tsuguna na leƙa, sai ga fulogi baƙi ƙirin a jikin babur sabo fil.

"Alhaji, wannan fulogin ai ya ga duniya," na ce.

"Alhaji, ka ja mata kunne," ya ce wa Malam. "Ledar nan in ta yage kun saya."

Muka yi gaba. A shago na biyu maƙwabci ya ce mai shagon ya tafi salla. Ƙarfe goma na safe! Na ce wataƙila bawan Allah ne mai walha. Awa guda muna kan benci sai ga shi yana sakace, yana ƙamshin tsire. Ya ce a shagonsa ba a tayar da inji sai an biya, in an biya kuma ba a dawo da kaya. Na ce to yaushe mutum zai san abin da ya saya? Ya ce wa Malam, "Ai Musulmi da tawakkali aka san shi." Na ce Allah ya ƙara tawakkali, na ja hijabina.

Katsina

Bayan azahar muka ci shinkafa da wake a tasha, muka hau mota ta bi ta Mashi, uku da rabi muna Katsina. Shagon da aka kwatanta mana ƙofar gilashi gare shi, da fanka, da mai tarbar baƙi ya sha laktaye cikin zafin nan. Aka kawo lemo kwalba ɗaya, aka dire gaban Malam. Ni da kuɗin ke ƙuguna aka ce in ɗan matsa, ina tare hanya.

A nan babura a kwali suke, sai ka biya a kai bayan shago a haɗa. Wanda bai sani ba ya sani: wajen haɗin nan ne ake zare batir da kafireta na kamfani a maye da na bogi. Na ce zan biya yanzu, amma a gabana za a haɗa.

"Hajiya, mata ba sa shiga baya," in ji mai laktaye. "Kin san Shari'a ake yi."

"To a fito da kwalin nan waje."

"Ba tsarinmu ba ne. Alhaji ya shiga ya gani mana."

Na dubi Malam, ya dubi fanka. Na ce wa mai laktaye Shari'ar da ta hana ni ganin haɗi, ba ta ce komai a kan canjin kafireta ba? Ya ce shi ba ya musu da mata. Raina ya ɓaci ƙwarai, wallahi har ƙwalla ta zo mini. Gidan yayar Malam muka sauka, ta yi mana tuwon dawa miyar kuka, na ci ba don ina jin daɗinsa ba.

Juma'a: komawa Daura

Bakwai na safe muka kamo hanya. Ina ta masifa a mota, sai wani dattijo falken awaki, mutumin Dutsi, ya waiwayo ya ce, "'Yata, ki je wurin Malam Iro, lungun da ke bayan rijiyar Kusugu. Ba shi da allon talla, babura biyu ko uku yake ajiyewa. Sai dai tambaya gare shi kamar alƙali."

Tara da rabi muka same shi, tsoho siriri da tabarau ɗaure da zare. Bayan gaisuwa ya ce, "Waye mai sayen?" Malam ya nuna ni. Sai tsohon nan ya juyo da bencinsa ya fuskance ni. Kwana biyu ina yawo, sai yau aka san ina wurin.

Ya tambayi hanya, da zurfin rairayi, da kayan da nake ɗauka, da ko akwai bakanike kusa. Na nuna wani ja mai sheƙi, ya ce, "Wannan na samarin gari ne, Hajiya, ya fi tsada kuma damina ɗaya zai yi miki. Ga naki can, mummuna ne amma jaki ne." Ya yanke igiyar kwali a gabana, ya miƙo mini fulogi cikin takardarsa, ya haɗa babur ina ƙirga noti. Ya zuba mai daga galan ɗinsa ya tayar. Na kasa kunne, inji lafiya lau. Na fara kwance ƙugu.

"Dakata tukuna. Wa zai tuƙa?"

"Malam."

"Bismilla, Malam. Kai shi bakin lungu ka dawo."

Malam ya tattare riga ya hau. Ya riƙe kan babur, ya dubi hagu, ya dubi dama, gumi ya karyo masa. Can ya ce a hankali, "Malam Iro, tsakani da Allah, keke na iya."

Na ce innalillahi! Shekara goma sha ɗaya ina zaune da mutum! Na ce, "Malam, ina babur ɗin me?" Ya ce shi ya ɗauka abin duk ƙafa biyu ne. Shago uku aka yi ta zuba masa bayani yana gyaɗa kai, ba wanda ya ce ko hau mu gani. Da a can na saya, da sai dai a tsince mu a kwalbati.

Malam Iro ya zare makulli ya jefa aljihu. "Riƙe kuɗinki, Hajiya. Ba na sallamar babur ga wanda zai zubar da iyalinsa a titi. Bayan masallaci mu haɗu a filin ƙwallo."

Yammacin nan da wunin Asabar tsohon nan ya rufe shago, yana bin Malam da gudu yana, "Saki kuloci a hankali! A hankali na ce!" Ko kwabo bai karɓa ba. Muka kwana biyu gidan goggona. Ni ina gefen fili ina cizon yatsa, har Malam Iro ya matso ya ce, "Ke kin iya, ko? Tun da kika saurari inji na gane." Na ce na iya. Sai ya ce, "A kwalta zai kai ki. Rairayi kuwa sai ya yi wata guda. Sauran ya rage naku, ku biyu."

Lahadi da Litinin: gida

Lahadi da hantsi na biya, ya ba ni rasit da sunana, ya ce bayan sati biyu a kawo ya canza baƙin mai. Awa uku da rabi muka yi zuwa Baure, ina baya ina, "Sa giya, Malam." Har mai amalanke ya yi mana sannu.

Litinin shida da rabi muka ɗauki hanyar ƙauye. Muna shiga rairayi muka sha ƙasa. Muka tashi, muka ƙara sha. A karo na biyu Malam ya karkaɗe hula, ya duba gabas da yamma, ba kowa sai gonaki. Ya ce, "Malama, zo ki karɓa don Allah." Na tattare hijabi na hau, ya zauna a baya ya ƙanƙame jakata yana salati. Daf da ƙauye, bayan wata kuka, muka yi musanya.

Mai gari na zaune da dattawansa muka iso. Ya ce, "Yawwa! Yanzu kika yi daidai. Malam, ashe gwani ne, ba kowa ke ƙetare rairayin nan ba." Malam ya ce ai sai godiyar Allah. Kafin azahar ɗaya daga cikin matan nan uku ta sauka lafiya a hannuna, ta sami 'ya mace.

Da la'asar muka dawo gida, aka kuma musanya a gindin kuka. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, na gode wa falken Dutsi, Malam Iro kuwa Allah ya biya shi da aljanna. Malam ma na gode masa, don har yau kullum da safe yana rufe shagon ɗinki ya raka ni, ni in kai shi, shi ya kai ni.