Ƙullutun Madeleine

Madeleine ta sauko daga duwatsun Mokolo da goyo a baya, zamanin mulkin Shugaba Ahidjo, ta samu aikin ɗinkin buhunan gyaɗa a tashar jiragen ruwa ta Garwa. A nan muka haɗu, tabarmarmu ɗaya. Ita Kirista, ni Musulma, ba mu taɓa samun lokacin gardama a kan wannan ba. Ba ta da surutu. Idan buhunka ya fashe, kafin ka gama salati ta ɗinke shi.

Wata rana muna wanka a bakin Binuwai bayan tashi daga aiki, ta kama hannuna ta ɗora a nononta na hagu. Wani abu ne mai tauri, kamar ƙwayar gyaɗa.

"Adda Fatime, kin ji? Ba ya ciwo."

Na ce gobe mu je asibiti. Habsatu, wadda ta fi kowa daɗewa a wurin ɗinkin, ta kwashe da dariya.

"Asibiti don ƙurji? Ke Fatime, ko kuraje kika gani sai ki kira likita! Bai nuna ba. Bari ya nuna, Ilyasu wanzami ya yi masa sakiya, ruwan ya fita."

Haka muka saba da ƙurji: a jira ya yi laushi, a huda. Kowa ya ba ta wannan shawara, har mijinta. Jirage kuma sai da damina suke zuwa, ta ce ba za ta bar aiki ba sai ruwa ya janye. Na yi magana har ta daina zama kusa da ni.

Ta jira. Ƙwayar gyaɗa ta zama kamar mangwaro. Ilyasu ya sa ƙarfe a wuta ya huda. Babu mugunya, jini kawai, kuma ramin bai sake rufewa ba.

Sai a lokacin aka bar ni na kai ta. Likita ya duba ya ce ciwon daji ne, ya bazu har hammata. Ya ce da tun yana ƙarami ta zo, da an yanke. Wata mai jinya ta ƙara da cewa a ƙasar Turawa akwai inji mai ɗaukar hoton nono, yana ganin abin tun hannu bai ji shi ba. To, mu ba mu da injin. Amma hannu ya ji, ya ji da wuri! Bakin mutane ne ya ce a jira.

Da ta ga ƙarfinta na ƙarewa, Madeleine ta sa na riƙe ta har wurin ɗinki. Ta tsaya gaban matan, ta kwance zaninta. Wari ya sa wasu suka toshe hanci.

"Mama Habsatu, duba da kyau. Ya nuna yanzu?"

Madeleine ta mayar da zaninta, na kai ta gida. Ta rasu kafin damina ta zagayo. A wurin binne ta an yi jawabai masu daɗi, na tashi na bar musu wurin.

Habsatu ba ta taɓa ba ta haƙuri ba. Amma washegarin ranar da ta ga ramin nan, da sassafe ta buga mini ƙofa, ta kama hannuna ta ɗora a ƙirjinta. Ashe ita ma tana da nata, tana jira ya nuna. Muka wuce asibiti ko kumallo ba mu karya ba. Har yau tana ɗinkin buhu, da nono ɗaya.