Hannun Fada a Gaban Riga

Cikin shekarun da na yi ina buga riguna a wani shago a unguwar Hindawiyya da ke Jidda, akwai ranar da har yau ta ƙi fita daga raina. Lokacin iƙamata, wato takardar izinin zama, ta kusa ƙarewa, kafili kuma, wanda ya tsaya mini a ƙasar, bai ce uffan ba kan sabuntawa. A irin wannan hali ko tari mutum ba ya son yi da ƙarfi.

Sai ga Alhaji Sale, wani dattijon injiniya mai riƙe da kulob ɗin ƙwallon 'yan garinsu da ke aiki a Jidda. Za su yi gasar tunawa da wani Fada, limamin coci ɗan ƙasar Ailan, wanda ya kafa makarantar garinsu, shi ne kuma ya fara kai musu ƙwallo. Ya miƙo tsohon hoto: Bature cikin doguwar farar riga, ƙwallo a hannu, ga gicciye ɓaro-ɓaro a ƙirji. Shi yake so a gaban rigunan.

Ƙa'idar shagon, kowane zane sai mudir, wato manaja, ya sa hannu kafin ya hau inji. Mudirinmu, Bahaushe haifaffen Jidda, kallo ɗaya ya yi masa. "Mamnu', an hana gicciye a nan. So kake a rufe mana shago? Halas, magana ta ƙare, ka san yadda za ka yi, ko ka haɗa jakarka."

Na koma kan kwamfuta na goge gicciyen tsaf, har ina yaba wa kaina. Da Alhaji ya dawo, ya daɗe yana kallo. Ya ce Fadan nan duk Juma'a shi ke tsayar da darasi ya kora su masallaci, bai taɓa cewa su ɓoye addininsu ba. "To ni ne zan tuɓe masa nasa bayan ya mutu?"

Kunya ta kama ni, ga gajiya. Bugawa ba dama, gogewa ba dama. Na mayar da hoton yadda yake, na yi ta rage shi ta gefe-gefe har ya saura hannu biyu riƙe da ƙwallo. Mudir ya sa hannu, ko tambaya bai yi ba.

Alhaji ya gyara tabarau. "Su ne. Wannan na daman ya sha zane ni." Ya yi dariya, sannan ya juya baya yana share ido.

Iƙama dai an sabunta, na ci gaba da tsayuwa gaban inji. Amma ku masu shigowa sana'ar nan, kada ku goge komai a jikin hoto sai kun tambayi wanda ya kawo shi. A wurinku aikin minti ɗaya ne, shi kuwa mutumin da ya rene shi ne.