Irin Gyaɗa a Kasko

Basiratu ta yi shekara da shekaru a gidan Ɗangoma, amma ba ta taɓa ganin sa yana cin abinci ba. Uban mijinta ne, kuma a ƙauyensu na wajen Sanam matar ɗa ba ta tsayawa inda suruki ke ci. Sai ta durƙusa a bakin ɗaki, ta ajiye kwano, ta gaishe shi kanta a sunkuye, ta ja da baya. Shi kuwa daga ciki, amawalin rawaninsa ya rufe masa baki har hanci, sai ya ce, "Madalla, ɗiyata." Iyakar hirarsu ke nan, kuma duk ƙauyen na yaba su a kan wannan kunya.

Gyaɗa ce sana'arta, wadda a can suke ce wa gujiya. Ranar da aka kai ta ɗaki uwarta ta ƙulle mata iri a bakin zane, ja ne mai manyan ƙwaya, ita kuma ta riƙe shi kamar ranta. Duk damina tana shuka shi a gayaunarta, ta sayar da soyayya da ƙuliƙuli ranar kasuwa, ta ware na baɗi da ɓawonsa a buhu. Mata kan tsokane ta, wai Basiratu za ta ara maka zanen da ke jikinta kafin ta ara maka tafi ɗaya na iri. Ba ta taɓa musu ba, don gaskiya ce.

Mijinta Hafizu ya tafi ci-rani Abijan. Da zai hau mota abu ɗaya ya ce mata: "Ga Baba nan, amana." Da farko yana kira, daga baya wayar ta daina shiga. A shekarar ce kuma 'yan bindiga masu babura suka hana noma a dajinsu, ƙauye ya watse. Basiratu ta ɗora tsohon a amalanke, ta zauna a kan buhun irinta har Filinge. Wata 'yar'uwarta, Balkisa, ta ba su wurin kafa bukka biyu a bayan gari, ta kuma ara mata ɗan fili idan ruwa ya sauka. Wannan fili da wannan buhu su ne dukan abin da Basiratu ta mallaka a duniya.

Zaman birni bai karɓi Ɗangoma ba. Mutumin da ya saba wuni a gona ya koma zaman inuwa, ya kama shayi mai sukari kamar zuma da ɗan biskitin kanti. Ta tsakanin zana Basiratu kan hango hannunsa yana tsoma biskitin cikin kofi, ya bar shi har ya yi laushi lugub, sai ta kau da kai kafin ya kai baki. Tuwon dare kan dawo kusan yadda ta kai shi, amma ta ce kewar gida ce. Wata rana ya yanke jiki ya faɗi a hanyar masallaci, aka kwashe shi sai asibiti.

Likitan ya soki yatsansa, ya duba, ya kira wadda ke kula da shi. Basiratu ta shiga ta tsaya tana kallon bango.

"Sukari ya yi yawa cikin jininai," in ji likita. "Biskitin ga da shayin ga, a bar su. In kwaɗayi ya taso mai tsakanin abinci, ki ba shi gujiya soyayya, ba gishiri. Tana riƙe tsoho. Baba, kana iya ci?"

Ɗangoma ya gyaɗa kai daga cikin rawani. Likita na da layin mutane har waje, bai ce a sauke amawali ba.

Daga ranar Basiratu ta hana biskiti shiga gidan. Amma bazara ce, gyaɗa ta yi tsada a kasuwa, ita kuwa gero ma da ƙyar take samun na kunu. Ta daɗe tana kallon buhun nan kafin ta kwance bakinsa. Ta ɓare tafi ɗaya, ta zuba rairayi a kasko, ta soya, ta murje, ta kai bakin ɗaki. Da la'asar kwano ya fito tas, ko ɓawo babu. Ranar ta yi murna har da 'yar waƙa.

Ƙamshi ba ya ɓoyuwa. Balkisa ta leƙo ta kan zana, ta ga jajayen ƙwaya na tsalle a kasko, ta dafe ƙirji.

"Ke Basira! Irin naki na cikin wuta? In ruwa ya sauka mi za ki shibka, toka?"

"In Hafizu ya komo ya iske kushewa, mi zan ce mai?" in ji Basiratu, ba ta ɗago ba. "In ce ga gujiya na aje maka?"

Balkisa ta janye daga jikin zana. Ta koma tana girgiza kai.

To, ga abin da ya rikita Basiratu: kwano na fitowa wayam kullum, amma tsoho sai ƙara zubewa yake. Rigarsa ta koma tana lilo a jikinsa, sanda ta fi ƙarfin hannunsa. Ta yi tunani ta yi tunani, ta ce abin bai isa ba ne. Ta mai da tafi ɗaya biyu. Ya ƙara ramewa, ta ƙara. Duk safiya sai ta cusa hannu cikin buhu ta ji inda ya tsaya, kuma duk safiya hannun sai ya ƙara nutsewa kafin ya taɓa wani abu. Tsoro ya kama ta. In ta bari, tsoho ya mutu a hannunta. In ta ci gaba, damina ta same ta hannu wofi, su mutu tare da rani. Gaba kura, baya sayaki.

Sau ɗaya ta daure, bayan ta ajiye kwano, ta ƙara kalma a kan gaisuwa.

"Baba, ana ci dai?"

Can ya ce, "Ana ci, ɗiyata. Allah shi yi maki albarka."

Da ta ƙara tambaya ɗaya tak, da labarin nan ya tsaya a nan. Amma ta riga ta ji kunyar wadda ta yi, ta tashi da sauri.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas, yana tasowa yana watsewa. Ragowar irin bai fi tiya ɗaya ba, Basiratu ta juye shi a tsumma ta ƙulle, ta rantse a ranta wannan kam na ƙasa ne. Sai Ɗangoma ya kasa fita ko da alwala. Ta zauna da ƙullin a cinya, ta kwance, ta ƙulle, ta sake kwancewa. Ta tuna hannun uwarta, ta tuna kalmar Hafizu. Daga ƙarshe ta hura wuta, tana juya kasko hawaye na zuba cikin rairayin. Ba ta gama murjewa ba aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya, yaran unguwa na ihu, ƙasa na ƙamshi. Ita kaɗai ce a Filinge ba ta ce alhamdu lillahi da ƙarfi ba.

Washegari da sassafe unguwa ta kwashe zuwa gona, maza da sungumi, mata da ƙorai. Basiratu ta durƙusa bakin ɗaki da kwano, ta yi gaisuwa. Ba a amsa ba. Ta sake. Ta kira da ƙarfi, abin da ba ta taɓa yi ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya, ta ɗaga tabarmar ƙofa ta shiga.

Yana kwance a kan buzu, yana numfashi sama-sama. Rawanin ya warware ya zube gefe, kuma a karon farko ta ga bakin surukinta. Ya lotsa ciki kamar tsohuwar jaka. Babu haƙori ko ɗaya, dasashi ne kawai. A ƙarƙashin kansa, inda matashi ya kamata ya kasance, tsohon burgaminsa ne, jakar fatar akuya, ya cika ya batse, jajayen ƙwaya na zubowa ta baki. Duk abin da ta soya yana nan. Rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami, amma shi wannan da saninsa ya kwana, ita ce ba ta sani ba.

"Baba," ta ce, "don mi ba ka hwaɗa ba?"

Ya lalubi rawani zai rufe baki, hannun ya kasa.

"Haƙoran sun ƙare tun muna gida," ya ce a hankali. "Ranar hwarko na gane irin uwarki na, ɗiyata. In maido kwano cike, ki ce na raina hannunki? In zubar, in zubar da iri? Kullum cewa nike gobe kina bari."

Haushi ya turnuƙe ta, na shi, na kanta, na wannan kunya da aka yi ta yaba musu har ta cinye gona guda. Ta so ta yi kururuwa, babu lokaci. Ta janye burgamin daga ƙarƙashin kansa, ta fita, ta juye a turmi. Ta daka kamar mai faɗa da wani, har gyaɗar ta saki mai ta zama laushi, ta dama da ruwan ɗumi ta tace. A duk unguwar taɓaryarta kaɗai ake ji.

Balkisa ta dawo ɗaukar ruwa, ta tsaya a bakin zana. "Basira, ƙasa na shanyewa! Ko tahi guda bai rage ba?"

Basiratu ta ɗauki ƙwaryar da ta tace a ciki. Ta shiga ɗakin, ta zauna a kan buzun surukinta, ta ɗora kansa a cinyarta, ta kai ludayi bakinsa. Na farko ya gangaro ta gefe ya jiƙa gemu. Ta share da bakin zanenta, ta sake ɗiba.

"Baba, ci. Ina kallonka, ci."

Ta zuba a hankali, ta ƙura wa maƙogwaronsa ido, tana jira ya motsa.