Mama Odessa da Buhunan Ganyenmu

Kowace safiyar Talata, kafin motar shara ta shigo titinmu a gabashin Detroit, Mama Odessa Tillery kan fito da baronta mai kukan taya. Ƙofa-ƙofa take bi tana kwashe buhunan ganyen da muka share muka ajiye bakin titi, da kwalayen da muka yar. Shekara tara ke nan. Bana gwiwoyinta sun ƙi, shi ya sa nake wannan rubutu, kuma kaina a sunkuye nake yinsa.

Ni ne shugaban kwamitin farfaɗo da lambun unguwa. Shekara uku muka yi muna zama. Mun zaɓi suna, mun yi gardama kan launin allo, na rubuta rahoto mai shafi arba'in. Filin kuwa ciyawa ta kai ƙirji, har hukumar birni ta ce in ba a noma shi ba za ta sayar, a mai da shi wurin ajiye motoci.

Sai ga Mama Odessa, wadda ta yi shekara talatin tana dafa abinci a makarantar firamare, ta fara shimfiɗa kwali a filin tana jibga ganye a kai. Ba ta nemi izinin kwamiti ba. Ni kuwa na rubuta wa hukuma cewa wata mata ta mai da filinmu juji. Ban sa hannu ba, saboda jarunta.

Jami'in hukuma ya zo filin da takardarsa. Cleophus Baines, tsohon mai walda a masana'antar motoci, yana tsaye a wurin, ni ma haka.

"Ɗana," ta ce wa jami'in, "gida uku aka rushe a nan, fentinsu mai dalma duk yana cikin ƙasar nan. Ka tone ta ka shuka, guba za ka ba jikokinka. Rufe ta ake yi, a ɗora sabuwa a kai."

Mu kuwa mun riga mun kira mai injin huɗa ya zo ranar Asabar.

Cleophus ya juyo gare ni, ya kira ni da sunan tsokanar da ya laƙaba mini. "Farfesa, wannan a shafi na nawa yake a rahotonka?"

Wasiƙata ta sa aka rage wa'adin da hukuma ta ba mu na noma filin zuwa watan Yuni. Da dusar ƙanƙara ta narke, ganyen ya ruɓe ya zama baƙar ƙasa. Ta cika akwatunan katako da ita, ta shuka kuɓewa, wake da tumatir. Jami'in ya dawo, ya duba, ya tafi da ledar wake. Ba a sayar da filin ba.

Ke ce kika ciyar da titin nan da abin da muka zubar, Mama Odessa. Ke ce kika san marubucin wasiƙar tun ranar farko, ba ki taɓa tona mini asiri ba. Rahoton kwamitin kawai kika nema, kwafi ashirin ɗin da suka rage. Na ɗauka karantawa za ki yi.

"Takardar tana da kauri," kika ce, "ciyawa ba za ta huda ta ba."

Yana ƙarƙashin kuɓewa har yau, kuma nan ne ya fara aiki.

Mun gode, Mama. Maƙwabta, kada a kafa kwamitin karrama ta. Ganye ya fara zuba, baron yana ƙofar gidana, ni zan tura shi ranar Talata. A zo da kwali.