Baba Sowunmi, Malamin da Ya Hana Goge Kuskure

Duk wanda ya saba bi ta unguwar Kemta a Abeokuta da sassafe ya san Baba Sowunmi. Tun masu rini ba su buɗe tukwanensu ba zai ɓullo daga lungu, jaka a hammata, ƙosai a ƙunshe cikin ganye, yana tafe yana amsa gaisuwa hagu da dama. Yara maza su zube ƙasa, mata su durƙusa, shi kuwa ko tsayawa ba ya yi: "Tashi, tashi, kada ka ɓata farar riga uwarka ta zo ta kama ni." Yana isa makaranta sai ya tsaya a ƙofar aji da wani tsohon gwangwanin madara a hannu. Kowa ya san dokar. Ba mai shiga darasin insha'i sai ya jefa abin goge rubutunsa a ciki, in an tashi ya ɗauki kayansa.

Shekara talatin da ɗoriya yana wannan aiki a Abeokuta, ranar Juma'ar da ta wuce kuma ya ajiye alli. To yau kam sai mun faɗa, ko yana so ko ba ya so, don yabon gwani ya zama dole.

Abokan aikinsa sun sha yi masa tsiya a kan gwangwanin nan, da kuma ƙin riƙe jan biro da yake yi, don shi da shuɗi yake gyara. Sai ya yi dariya ya ce a gida ya gada. Mahaifiyarsa mai zanen adire ce. A gabanta ya tashi yana kallon yadda ake tsoma gashin kaza a kullun rogo a yi wa farin ƙyalle ado kafin a kai shi tukunyar baba, duk inda kullu ya taɓa ya fito fari. In kullu ya ɗiga inda ba a so, ba a gogewa, don gogewar ta fi ɗigon ɓarna. Sai dai a mai da shi ganye, ko ƙadangare, ko tsuntsu.

Kai ne, Baba, ka ɗauko wannan ka kai aji. Kai ne ka gane yaranmu ba maganar rubutawa suka rasa ba, tsoro ne ya riƙe musu hannu. Ɗan mai rini, mai mai da ɗigo ado.

Mai neman shaida ya tambayi Morenike. Bara aka kawo ta ajinsa daga wata makarantar don ta maimaita, bayan insha'i ya kayar da ita a jarrabawar fita. Yarinya ga kai, ga baki kamar rediyo, amma da ta riƙe biro sai ta rubuta ta soke, ta rubuta ta soke, har lokaci ya ƙare. In fensir ne kuwa sai ta goge takarda ta huje. Ranta yana kan karatun jinya, amma uwarta, Iya Nike, ta riga ta yanke hukunci a gaban kowa: "Wannan ce ta ƙarshe. In ta sake faɗuwa, ga tukunya, ga gashin kaza, ta zauna kusa da ni."

Da gwangwani bai yi magani ba, sai Baba ya wanke ƙafa ya tafi marinar su Iya Nike wata Asabar. Matan suna hango shi suka ɗauki shewa.

"Ga angonmu nan. Baba Tisha, yau wacce ka zo zance wurinta?"

"Ku da hannuwanku shuɗi haka? In kun yi mini tuwon amala ai sai in wayi gari na rine. Iya Nike, ba ni aron 'yarki ta yi mini zane in gani."

Aka shimfiɗa ƙyalle. Morenike ta ɗauki gashin kaza, hannu ya shiga gudu, ba rawa ba waiwaye, har tana 'yar waƙa. Baba ya matso kamar mai kallo, ya sa gwiwar hannu ya ɗan bangaje ta. Kullu ya ɗiga ɓaro-ɓaro a tsakiyar fili.

"Baba Tisha, ɓarna ka zo yi mini?" in ji Iya Nike tana miƙewa.

Kafin ta rufe baki Morenike ta ja wa ɗigon baki, ta ba shi fukafukai da ƙafafu biyu, ta wuce abinta.

"Nike, me ya sa ba ki yaga ƙyallen ba?"

"Haba Baba, wa yake yaga zane saboda ɗigo ɗaya?"

"To ita takarda me ta yi miki?"

Baba ya juya ga uwar ya ce, "Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Hannunki ne da ita. Ki bar mini ita zuwa jarrabawa."

Daga nan ya sa ta rubuta abin da ta sani: warin tukunyar baba, faɗan matan marina a kan igiyar shanya. Ranar da ya sa ta karanta a gaban aji, sai ga yara sun kwashe da dariya daidai inda ta so a yi dariya. Waɗanda suke wurin sun ce ta ɗago kai tana kallonsu kamar ba ta yarda ita ta rubuta ba. A jarrabawa ma, in ji ta, tun a layin farko ta yi kuskure. Ta ja masa layi ɗaya ta ci gaba, ba ta tsaya ba sai da ta nemi ƙarin takarda. Da sakamako ya fito, da rawa Iya Nike ta zo makaranta tun daga Kemta, ɗankwali a hannu.

Ranar Juma'a filin makaranta bai ɗauki mutane ba. Tsofaffin ɗalibai sun zo daga ko'ina, masu kalangu suna ta zuba masa kirari, shinkafar ofada tana ta kai da kawo. Ana cikin haka Iya Nike ta ratsa taro da zane a naɗe, Morenike tana biye da ita cikin farar rigar 'yan makarantar jinya. Aka warware zanen. Sunan Baba ne a jiki, fari fat a kan shuɗi, haruffan a karkace, wani ya fi wani tsawo. A kan na ƙarshe ga wani ɗan tsuntsu a zaune.

"Ni na rubuta da hannuna," in ji matar da ba ta taɓa shiga aji ba. "Nike ta koya mini. A ƙarshe hannuna ya yi rawa, kullu ya ɗiga. To ka ce ba a gogewa."

Baba mai bakin tsiya ya rungume zanen yana kuka, mu ma muka taya shi, ba kunya.

Mun gode, Baba Sowunmi. Allah Ya ba ka hutu mai daɗi, Ya sa 'ya'yanka su samu mai yi musu yadda ka yi wa namu. Ku kuma malaman da kuka rage, kafin ku zare jan biro a kan yaro, ku fara leƙa abin da hannunsa ya iya a gida. Baba ya tafi da zanensa, amma gwangwanin ya bar shi a kan tebur. Ranar Litinin yara za su zo, kuma dole wani ya tsaya da shi a ƙofa.