Hatimin Ɗan Fari

Yayata Bara'atu ba ta da yawan magana, ni Sauda ni ce Allah ya ɗora wa bakin gidanmu duka. Duk wanda ya taɓa karɓar katin suna ko na ɗaurin aure a Wurno, mai fure a kusurwa da ɗigo-ɗigo a gefe, to aikinta ya riƙe, ko bai san fuskarta ba. Wajen mijinta ta koya, marigayi Malam Isma'ila, wanda ke sassaƙa wa 'yan kasuwa da makarantu hatimi. Da idonsa ya yi rauni ta karɓi rezar, ita ce kuma ta ƙaro da kati. Ta sa maƙeri ya lanƙwasa mata ƙarafa masu kaifi, wani siffar ganye, wani jinjirin wata, wani fure. Sai ta ɗora ƙarfen bisa kwali, ta buga da guduma a kan guntun katako, furen ya faɗo. Sunaye kuwa a robar tsohuwar taya take yanka su, a juye.

Tana da wata ɗabi'a da na gaji da yi mata faɗa a kai. Sabon hatimi ba ya taɓa kwali sai ta fara danna shi a tafin hannunta na hagu. Wai fata ta fi takarda faɗin gaskiya, inda yanka bai yi zurfi ba nan take za ta ji. Tawadar kuma shunayyar nan ce mai naci, sai ta yi mako ba ta fita ba, ko an sa sabulu da toka. Haka za ka gan ta tana tuƙa tuwo da sunan ɗan wani a hannu.

Suna ɗaya ne bai taɓa hawa hannun nan ba, bai kuma taɓa fita bakinta ba: Yazidu, ɗanta na fari. Kunyar ɗan fari ce, kowa ya san ta a wajenmu, sai dai ta Yaya ta fi ta kowa tauri. Ana yaye shi anka kai shi Rimawa wurin kakarsa ta wajen uba, can ya girma. In ya zo, "wancan yaron" take cewa, ko ta juyo gare ni, "Sauda, ki ce mai shi ci abinci," alhali ga shi zaune gabanta. Ita ma ɗiyar fari ce. Innarmu ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunanta ba, ni kuwa nawa har ya gaji da bakinta.

Yazidu ya zama mutum, yana noman albasa na rani a ƙasan madatsar Goronyo. Da anka sa ranar aurensa da Mashkura, wata yarinya 'yar Rara, ya zo da hantsi a kan babur ɗinsa, ya tarar da mu a tsakar gida. Ya gaishe mu, ya durƙusa kusa da katakon.

"Inna, katin aurena nika so ki yi mani."

Gudumar ba ta tsaya ba. Ta ce, "Sauda, ki ce mai akwai masu inji Sakkwato, sun hi sauri."

"Ba Inna Sauda nika ma magana ba," in ji shi. "Sunan ɗiyan kowa ya bi ta hannunki, har na waɗanda ba ki sani ba. Nawa mi yay yi? Ban ce ki hwaɗe shi da baki ba. In katin ga ya hito babu sunana da yankan hannunki, na san ba ni da uwa Wurno. Ba ni kawo amarya gidan ga gaisuwa, ni ma ba ni sake takowa."

Na taso masa. Na ce kai marar ta-ido, uwarka kaka gaya ma haka? Shi dai ya ce zai dawo ranar Juma'a da safe, don a raba katin bayan masallaci. Ni kuwa na san jinin. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, in sunka kafe su biyun ko jaki ya san da zamansu.

Yaya ta kama aiki kamar ba a yi komai ba. Ta yanka kwali, ta fidda furanni, ta manna. Ta sassaƙa rana da wuri, ta sassaƙa sunan Mashkura, ta buga a kowane kati. Saman sunan amarya ta bar fili fari. Kullum na leƙa faifan da take jera katunan, filin na nan yana kallona.

Magana kuma ta fita, don katangar Yaya da ta Lami maƙwabciya duk kunne ce. Lami ta shigo wai aron rariya, ta tsaya tana cewa ai mace ta gari da kunyarta aka san ta, wadda ta riƙe shekara da shekaru ba ta zubarwa don ɗa ya yi fushi. Na miƙa mata rariyar, na nuna mata ƙofa. Amma maganar ta riga ta shiga, na ga yadda Yaya ta sunkuyar da kai.

Da abin ya ishe ni na ce a kai wa wani mai hatimi a Rabah ya yanka sunan, a huta. Ta girgiza kai.

"Ya san yankan hannuna."

"To ki yanka mana."

"Inna ba ta yi ba."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Inna ba ta yi ba, ke daɗi kinka ji? Ba ke ce kika laɓewa bayan rumbu in ta kira ni ba?" Ta ɗago ta dube ni, idonta ya kaɗa. Ta kwashe kayanta ta shige ɗaki.

Ranar Juma'a na iso da safe na tarar da ɗakin a rufe. Ba ƙarar guduma, ba motsi. Yankan roba ba ya da sauti, don haka ban san ko aiki take ko zaune kawai take ba. Na buga, shiru. Ina nan ina kai da kawowa na ji babur ya tsaya a ƙofar gida. 

Yazidu ya shigo, ya gaishe ni, ya ƙi zama. Can ƙofar ta buɗe. Yaya ta fito da faifai rufe da ƙyalle a hannun dama, hannun hagu cikin mayafi. Ta ajiye gabana ta ce, "Ki ba shi."

Ya yaye ƙyallen. Sunan na nan a kowane kati, tawadar ko gama bushewa ba ta yi ba. Na ɗauka an gama. Shi kuwa ya daɗe yana kallo, fuskarsa ba ta saki ba.

"Wa yay yanka shi? An ce mani Rabah za a kai."

Lami ce ta kai mai maganar, Allah ya isa. Na hau rantsuwa, ya ce ba ni yake tambaya ba. Ya dubi uwarsa, ita tana duban ƙasa. Tun da ta haife shi ba ta taɓa ba shi amsa kai tsaye ba, yau ma bakin ya ƙi buɗuwa. Ya jira, ya ƙara jira. Sannan ya mayar da ƙyallen a hankali, ya bar faifan inda yake, ya juya ya nufi zaure.

Ban taɓa ganin Yaya ta yi sauri irin na ranar ba. Ta sha gabansa a bakin zaure, ta kau da fuska gefe, ta zaro hannun daga mayafi ta buɗe. Sunansa ne kwance a tafin, shunayya, ga yankan reza ɗanye a babban yatsa. Ta bar hannun a buɗe gabansa. Yazidu ya durƙushe nan ƙasa, ya sa goshinsa a tafin, kafaɗunsa na motsi. Ni dai kuka na yi, ba na ɓoyewa.

An yi biki, ya kawo Mashkura gaisuwa. Har yau "wancan yaron" take ce masa, ta bakina kuma take ba shi abinci. Bayan biki da fiye da wata na je taya ta manna furannin wani suna, ta miƙo hannu karɓar gam, na ga sunan Yazidu a tafin sabo fil, tawadar da ba ta wuce mako. Ta lura da idona, ta dunƙule hannun.

"Mi kika kallo? Tashi ki duba tukunya."