Ɗakin Yaya Sanusi da Ba a Shiga da Ƙarfe

Ku da kuka san Yaya Sanusi kun san ƙwaryar nan ta bakin ƙofarsa. Kafin ka shiga ɗakin sai ka zube duk ƙarfen da ke jikinka a ciki: makulli, agogo, 'yan kunne, har allurar da mace ta soke a gyale. Ni Hadiza ƙanwarsa ce ciki ɗaya, amma ban taɓa samun sassauci ba. Tuwo ma a akushi nake kai masa.

Dalili kuwa, can ƙasar waje inda ya yi karatu, ya yi aiki da wata na'ura mai ƙaton maganaɗisu da ke fizge ƙarfe daga hannun mutum. Da ya dawo koyarwa nan Kaura aka yi masa alkawarin kawo irinta. Sai ya share ɗaki, ya zana da'ira da alli inda za ta zauna, ya kafa doka tun ba ta iso ba, wai don mu saba. Har ya yi ritaya da'irar ce kawai a wurin.

Kawu Ɗanjuma mai fataucin shanu ya taɓa zuwa daga Shinkafi gaishe shi. Aka ce ya cire wuƙa, ya cire. Aka ce zobe, ya cire yana huci. Sai ya wangale baki ya tambaya ko haƙorin Makka ma a tumɓuke. Yaya ya leƙa bakin nan a tsanake, ya ce zinariya ce, maganaɗisu bai da ruwa da ita, bismillah. Kawu ya shiga, ya dubi alli, ya dubi rufi, ya tambayi ina abin. Aka ce yana hanya. Ya ɗauki wuƙarsa, bai sake takowa ba.

Haka mutane suka yi ta janyewa. Matarsa ta riga ta rasu, ba su haihu ba, a gari kuma aka fara cewa boko ya taɓa shi. Yana ji. Ba abin da yake so a duniya kamar wani ya gani da idonsa cewa ba tatsuniya yake ba.

Ni ya samu ya riƙa yi wa bayani. Na ce masa iyakar karatuna ajin yaƙi da jahilci, ya ce ya isa har da saura. Ya sa na dafa ƙwai, ya ɓare, ya ɗaga tantanin nan na ƙarƙashin ɓawo. Ya ce jikinmu ƙananan ɗakuna ne da ido ba ya gani, kowanne da tantaninsa, ruwa na shiga yana fita. Na'urar tana kiran ruwan ne da amon rediyo, shi kuma ya amsa. Wanda ke sake a fili sai ya daɗe yana amsawa, wanda ya maƙale jikin tantani kuwa nan da nan ya yi shiru. Na ce kamar ni ke nan a gaban surukai. Ya yi dariya har da tari, ya ce ko ɗalibansa ba su taɓa kamawa haka ba. Ƙwan kuma ya cinye shi kaɗai, wai na bincike ne.

Duk mako sai ya hau keke zuwa tashar jirgin ƙasa, ya duba ko na'urar ta iso. Maigadi ya gaji, ya nuna masa awaki kwance bisa titin jirgi, ya ce Dokta, ko su sun san ba abin da ke tafe. Yaya ya ce to a kore su, kayan nauyi ne ba ya son birki.

Bara ciwon kai ya matsa masa, har yana faɗuwa. Muka kai shi wani asibiti a Sakkwato, likita ya ce sai an ɗauki hoton cikin kai. Da aka buɗe ƙofar ɗakin hoton, Yaya ya tsaya cak. Ashe 'yar'uwar na'urarsa ce. Mutane da salati suke shiga cikinta don tsoro, shi ya kwanta yana murmushi kamar ango. Da aka fito da shi ya tambaya ko za a iya maimaitawa.

Likita ya zaunar da mu, ya nuna wani farin dunƙule a hoton, yana zaɓen kalmomi a hankali. Ni na gane abin da yake nufi, ƙari ne da ba shi da magani. Yaya ko saurare bai yi ba. Ya ja bakin gyalena.

"Hadiza, duba nan. Wanga mai haske ruwa ne sakakke, wancan kuwa riƙaƙƙe. Kin gani? Ba ƙarya nika yi ba."

"Na gani, Yaya," na ce. "Da idona."

A motar dawowa ya yi wa fasinjoji bayani tun daga Sakkwato har Kaura, wani tsoho yana gyangyaɗi yana cewa haka ne. Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na ranar ba. Bai kai kaka ba.

Allah Ka jiƙan Yaya Sanusi. Ya daɗe shi kaɗai, ya Rabbi, kada Ka bar shi shi kaɗai a can. Ka haskaka kabarinsa, Ka haɗa shi da masu sauraronsa. Amin.